Edsger Dijkstra, malamin da ya gina manhaja hawa-hawa

An haifi Edsger Dijkstra a birnin Rotterdam na ƙasar Holland a 1930.

A shekarun 1960 manhajojin kwamfuta sun yi girman da kuskure guda kan ɓuya cikin dubban layuka, har marubucinsu ya rasa inda yake.

Dijkstra da abokan aikinsa a Eindhoven suka karkasa manhajarsu mai suna THE hawa-hawa, kowane hawa da aikinsa, ba a ɗora na sama sai an tabbatar da na ƙasa. Ya wallafa bayaninta a 1968.

Daga 1984 ya koyar a Jami'ar Texas ta Amurka, inda ɗalibansa ke warware matsaloli da alƙalami, jarrabawa kuwa baki da baki.

Ciwon daji ya yi ajalinsa a 2002.