Leo Fender: Akantan Da Bai Iya Kaɗa Jita Ba, Amma Ya Tsara Wa Makaɗa Mazaunin Yatsa

Duk wanda ya taɓa zura wa makaɗin jitar bes ido, wato jita mai tsirkiya huɗu da ke fitar da amo mai kauri, zai lura cewa babban yatsansa na dama a kafe yake bisa wani ɗan baƙin akwati da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, sauran yatsun kuma suna ta aiki. Wannan akwati shi ne maɗaukin sauti. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ya mayar da girgizar lantarki, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Mutumin da ya fi kowa tasiri a siffar wannan akwati da wurin zamansa bai taɓa koyon kaɗa jita ba, kuma da farko bai yi zaton a nan yatsa zai sauka ba.

An haifi Clarence Leonidas Fender ranar 10 ga Agusta, 1909, a gonar lemun iyayensa kusa da Anaheim, a Jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana ɗan shekara takwas wani ƙari ya yi sanadin rasa idonsa na hagu, aka sanya masa na gilashi, abin da daga baya ya hana a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ɗan taɓa fiyano da sarewar saksofon yana yaro, amma rediyo ce ta sace masa zuciya. Karatun akanta ya yi a Fullerton, ya kuma riƙe lissafi a hukumar hanyoyi ta jihar, har karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta raba shi da aikin albashi. A 1938 ya ranto dala 600, shi da matarsa Esther suka koma Fullerton, ya buɗe shagon gyaran rediyo.

A wannan shago ne makaɗa suka fara kawo masa amfilifayoyinsu da suka lalace. Idon mai gyara ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: kullum tambayarsa ita ce ina abu yake lalacewa, kuma yaya za a kwance shi cikin sauƙi. Shi ya sa wuyan jitocinsa da kusoshin murɗawa huɗu ake ɗaure shi, idan ya lanƙwashe a cire a sa wani, maimakon a jefar da jitar baki ɗaya.

Kafin 1951, mai riƙe amo mai kauri a ƙungiyar kiɗa ƙaton gogen Turawa yake fama da shi, wanda ya kai tsayin mutum. Ɗaukarsa a mota wahala ce, ga shi ganguna da kakaki suna danne muryarsa. A ƙarshen shekarar Fender ya fitar da Precision Bass, wadda ake ratayawa a kafaɗa, tsawon tsirkiyarta inci 34, an kuma gitta mata ƙarafa a wuya domin yatsa ya faɗa daidai kan sautin da ake nema. Monk Montgomery, wanda ya yi kiɗa a ƙungiyar Lionel Hampton, yana cikin na farko da suka fito da ita idon duniya.

Sai dai jitar farko ba ta da daɗin riƙewa. Jikinta falan katako ne mai kaifin gefe da ke cin haƙarƙari da damtse, sai a 1954 aka sassaƙe gefunan suka bi jikin mutum. Maɗaukinta kuwa naɗi ɗaya ne, da ƙwayar maganaɗisu guda a ƙarƙashin kowace tsirkiya. Da an fizgi tsirkiya da ƙarfi sai sautin ya fito da duka mai tsanani wanda lasifikokin zamanin ba sa iya ɗauka, ga kuma ƙugin lantarki da naɗi ɗaya yake kwasowa daga fitilu da wayoyin ɗaki. Makaɗi sai ya riƙa tauye hannunsa yana lallaɓa tsirkiya, kuma kiɗan da ake yi cikin ɗari-ɗari ya fi saurin gajiyar da hannu.

Maganin da ya kawo a 1957 shi ne, a ganina, aikinsa mafi wayo. Ya raba maɗaukin gida biyu, kowane rabi yana kula da tsirkiya biyu, aka naɗe su a saɓa wa juna ta yadda ƙugin ɗaya zai kashe na ɗaya. Kowace tsirkiya kuma ya sa ta ratsa tsakanin ƙwayoyin maganaɗisu biyu maimakon ta hau kan guda, dukan farko ya yi laushi. Akwai wata riba da ba a cika ambata ba. Tun da kowane rabi yana da nasa kusoshin, ana iya ɗaga shi ko karkata shi ya bi lanƙwasar da tsirkiyoyi suka yi, sai ƙarfin amonsu ya daidaita, makaɗi ya huta da jan wata da ƙarfi yana sassauta wa wata. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass, mai siririn wuya da maɗauki biyu, ɗaya wajen wuya inda tsirkiya take da laushi, ɗaya wajen gindi inda take a ɗaure tamau.

Inda hasashensa ya kuskure shi ne hannun dama. Ya ɗauka da babban yatsa za a riƙa kaɗawa, kamar yadda Montgomery yake yi, saboda haka ya kafa ɗan guntun madogari a ƙasan tsirkiyoyi domin sauran yatsu su riƙe, ya kuma rufe maɗauki da gindin tsirkiya da murafan ƙarfe masu sheƙi. Makaɗa suka juya lamarin. Yawancinsu da manuniya da na tsakiya suka koma kaɗawa, babban yatsa ya shiga neman wurin dogara, murfin kuma ya tare daidai inda hannu yake son sauka. Sai suka riƙa kwance shi suna ajiyewa, har suka yi masa laƙabi da farantin tokar taba, suka ɗora yatsa a kan maɗaukin kansa. Ba kowa ba ne dai: James Jamerson na kamfanin Motown ya bar nasa murfin, a kansa ma yake jingina hannu yana kaɗawa da yatsa ɗaya tak. Madogarin nan sai a wajen 1974 aka mayar da shi saman tsirkiyoyi, a lokacin kamfanin ya daɗe da fita daga hannun mai shi.

Rashin lafiya ce ta sa ya sayar wa CBS da kamfanin a Janairun 1965 kan dala miliyan 13, bisa sharaɗin ba zai yi gogayya da su ba har shekara goma. Ya warke, ya jira wa'adin ya cika, ya fito a matsayin shugaban Music Man a 1975. Jitar StingRay ta 1976 ta nuna ya ji abin da hannayen makaɗa suka faɗa masa. Maɗauki ɗaya ne babba, a buɗe, mai faɗin da yatsa zai zauna, an matsar da shi wajen gindi, da batir mai bolt 9 a cikin jitar yana ƙarfafa sauti. Filin da ya rage tsakaninsa da wuya ya yi wa masu marin tsirkiya da babban yatsa daɗi, irin su Louis Johnson.

Esther ta rasu a 1979. A wannan tsakanin ne shi da tsohon abokin aikinsa George Fullerton suka kafa G&L, inda ya ƙera maɗaukin da ake iya ɗaga ƙwayar kowace tsirkiya ita kaɗai. Ya auri Phyllis a 1980. Cutar Parkinson ta kama shi, hannu yana rawa, amma bai daina zuwa ɗakin gwaje-gwajensa ba. Ya rasu a Fullerton ranar 21 ga Maris, 1991, yana da shekara 81, a shekara mai bi kuma aka shigar da sunansa zauren karrama gwanayen kiɗan rok na Amurka.