Wiliyam Hershel, mabushin da ya auna hasken da ido ba ya gani

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mutumin da muka kawo muku tarihinsa yau ya nuna akwai inda ido ba ya ko ƙiyasi, sai ma'auni.

An haifi Wiliyam Hershel a birnin Hanoba na ƙasar Jamus ran 15 ga Nuwamba 1738. Mabushi ne a badujalar soja kamar mahaifinsa. A 1757 ya ƙaura Ingila yana cin abinci da kiɗa. Da sha'awar taurari ta kama shi, sai ya koyi narka ƙarfe yana ƙera madubin hangen nesa da hannunsa, ƙanwarsa Karolin tana taya shi. A 1781 ya gano duniyar Yuranus, Sarki Joj na 3 ya yanka masa albashin fam 200 a shekara. Ya kuma riƙa ƙera madubai yana sayarwa.

A 1800 ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya auna zafin kowane launi, sannan ya gusa da ma'aunin zuwa bayan ja, inda ba a ganin komai. Nan ne zafi ya fi tashi. Ashe akwai haske ɓoyayye.

Da wannan hasken bayan ja ne masana ke binciken tsofaffin taurari. Tauraro irin rana in ya tsufa yakan kumbura, zafinsa ya ragu, ya yi ja, ya dinga fesar da iska da ƙura har su lulluɓe shi kamar hazon hunturu. Ido ba ya ratsa wannan hazo, amma ƙurar da ta ɗau ɗumi tana fitar da hasken bayan ja.

A 2009 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba madubi mai faɗin mita 3.5 da sunan Hershel. A 2010 aka ba da labarin ya gano tururin ruwa mai ɗumi kewaye da tsohon tauraron nan CW Leonis. Aikinsa ya ƙare a 2013. Irin wannan iska da ƙura ce ke shiga ginin sabbin taurari da duniyoyi, har da tamu.

Hershel ya rasu ran 25 ga Agusta 1822 yana da shekara 83. Mu da ke kwana da tashi da mudu da sikeli mun san darajar mutumin da bai yanke hukunci ba sai da ya auna.