Tarihin Tupac Shakur, mawaƙin da waƙar mahaifiyarsa ta fito yana gidan kaso

A ranar 21 ga Fabrairun 1995 aka saki waƙar Dear Mama a Amurka, a lokacin da mai waƙar, Tupac Shakur, yake tsare a jihar New York. Bai samu damar tallata ta ba, ko bidiyonta ma babu shi a ciki, amma har gobe tana cikin waƙoƙin gambarar zamani da aka fi saurare a duniya.

An haifi Tupac a ranar 16 ga Yunin 1971 a birnin New York. Mahaifiyarsa Afeni Shakur ƴar ƙungiyar Black Panther ce, wadda ke fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata. A 1969 aka kama ta tare da wasu ƴan ƙungiyar bisa zargin shirya kai hare-haren bam. Ta yi zaman kaso da cikinsa, ta kuma kare kanta a gaban kotu ba tare da lauya ba. A watan Mayun 1971 kotu ta wanke su, saura wata guda ta haihu. Daga baya ta raɗa masa sunan Tupac Amaru, jagoran boren da Turawan Sifaniya suka kashe a ƙasar Peru a 1781.

Yaron ya tashi cikin talauci, babu uba a gida. Iyalin sun koma Baltimore, inda ya shiga makarantar koyon fasaha, ya karanci wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa. A 1988 suka sake yin ƙaura zuwa Marin City da ke California. A lokacin Afeni na fama da shan hodar iblis nau'in crack, wadda ta yi wa unguwannin baƙaƙen fata mummunar ɓarna a wancan zamani. Zaman gida ya gagara, Tupac ya bar ta, suka ɗauki lokaci ba sa ga maciji da juna.

Ya fara da rawa da ɗaukar kaya a ƙungiyar mawaƙa ta Digital Underground. A 1991 ya fitar da kundinsa na farko, 2Pacalypse Now, a shekarar da ta biyo baya kuma ya fito a fim ɗin Juice. Suna ya zo, rigingimu da ƴan sanda da kotuna ma suka biyo baya. A ƙarshen Nuwamban 1994 wasu ƴan bindiga suka harbe shi a harabar wani ɗakin naɗar waƙa a New York. Washegari kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mata ta hanyar lalata, zargin da ya ci gaba da musantawa. A Fabrairun 1995 aka yanke masa hukuncin ɗauri.

Kafin wannan rana ya riga ya naɗi Dear Mama. Tony Pizarro ne ya haɗa kiɗan, inda ya aro sauti daga wani kiɗan Joe Sample na 1978, amshin kuma ya samo tushe daga waƙar Sadie ta ƙungiyar The Spinners, wadda ita ma yabon uwa ce. Kiɗan mai sanyi ne, babu hayaniyar da aka saba ji a waƙoƙin lokacin.

Abin da ya bambanta waƙar shi ne gaskiyar da ke cikinta. Tupac bai rufe batun shaye-shayen mahaifiyarsa ba, ya ambace shi ƙarara. Ya kawo faɗan da suka riƙa yi, da barinsa gida yana ɗan shekara 17, da haushin uban da bai riƙe su ba, da yadda ya samu mafaka wajen masu sayar da ƙwaya a titi. Sannan ya tuna matar da ke dawowa daga aiki a gajiye ta ɗora tukunya, wadda ta reni ƴaƴa biyu ita kaɗai da ɗan tallafin gwamnati. A lokacin Afeni ta riga ta daina shaye-shaye, sun kuma shirya. Ita ce ta fito a bidiyon waƙar, tana duba hotunan ɗanta.

Waƙar ta kai mataki na 9 a jadawalin Billboard na waƙoƙi 100 mafiya tashe, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Kundin da ke ɗauke da ita, Me Against the World, ya fito a watan Maris ya hau mataki na farko kai tsaye, karon farko da mawaƙi ya yi haka yana ɗaure.

A Oktoban 1995 aka ba da belinsa a kan dala miliyan 1.4, bayan ya amince ya koma kamfanin Death Row na Suge Knight. Daga nan gabar da ke tsakanin mawaƙan gabashi da na yammacin Amurka ta ƙara tsami. A daren 7 ga Satumban 1996, bayan kallon damben Mike Tyson a Las Vegas, aka buɗe wa motar da yake ciki wuta. Ya rasu ranar 13 ga watan yana da shekara 25. Sai a 2023 ƴan sanda suka kama mutum na farko da aka gurfanar kan kisan.

Afeni ce ta riƙe dukiyar waƙoƙinsa bayan rasuwarsa, ta kafa gidauniya da sunansa domin koya wa yara fasaha. A 2010 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya Dear Mama cikin rumbun sautukan da ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu. Afeni ta ga wannan karramawa da idonta, kafin ta rasu a ranar 2 ga Mayun 2016 tana da shekara 69.