Edwin Link, wanda ya koya wa matuƙa tashi alhali suna ƙasa

Duk matuƙin jirgin sama da ke ɗaukar fasinja a yau, kafin a damƙa masa rayukan jama'a sai ya share sa'o'i masu yawa cikin wani ɗaki mai motsi wanda ke kwaikwayon jirgi. A cikinsa ake kashe masa inji, a rufe masa fili da hazo, a ɓatar masa da hanya, domin a ga yadda zai fid da kansa da waɗanda ke bayansa. Wanda ya aza tubalin wanga aiki wani Ba'amurke ne mai suna Edwin Albert Link, mutumin da bai kammala lakwal ba, amma ya bar wa duniya abin da ya tserar da rayuka masu ɗimbin yawa.

An haifi Link ran 26 ga watan Yuli 1904 a garin Huntington, cikin jihar Indiyana. Yana da shekara shida iyayensa suka ƙaura zuwa Binghamton, cikin jihar Niyok, inda mahaifinsa ya kafa masana'antar kayan kiɗa. Ana ƙera fiyano mai kaɗa kansa a wurin, da ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututu da yawa wanda iska ke busawa. Yaron bai kasance mai son zaman aji ba. Hankalinsa na wajen ƙarafa da sukurori, don haka ya bar karatu ya kama aiki a gidan mahaifinsa. A nan ya ƙware ga sha'anin zugazugi da famfunan iska, ya gane yadda ƴar iska kaɗan, in an bi da ita ta hanyar da ta dace, take iya motsa abu mai nauyi a hankali ba tare da fizga ba.

A shekara ta 1920 ya fara shiga jirgin sama da niyyar koyon tuƙi. Koyo a wancan zamani tsada gare shi ƙwarai, kuma mai jirgi bai cika yarda ɗan koyo ya taɓa sanda ba, tsoron kada ya farfasa masa dukiya. Mai kuɗi kaɗan sai ya ƙare kuɗinsa bai iya kome ba. Link ya samu ya riƙa bin matuƙan da ke yawo gari gari suna wasa da jirage, yana taimakonsu, su kuma suna barinsa ya gara jirgi a ƙasa har hannunsa ya saba. Dabarar ba baƙuwa ba ce, gama lokacin yaƙin duniya na farko Faransawa sun koyar da matuƙansu da jirage masu guntayen fukafukai waɗanda ke gudu a fili ba su tashi. Tambayar da ta tsaya wa Link a rai ita ce: in ana iya koyon wani sashe na tuƙi a ƙasa, me zai hana a ƙera abin da zai koyar da shi cikin ɗaki, ba mai, ba haɗari?

Daga 1927 zuwa 1929 ya duƙufa a ɗakin ƙasa na masana'antar, wata goma sha takwas cur. Abin da ya fito da shi ɗan guntun jirgi ne na katako, mai ƙananan fukafukai, ɗore bisa wani gindi. Ƙarƙashinsa ya shirya zugazugin ogan, da injin lantarki mai zuƙe iska. In ɗan koyo ya tura sanda gaba, sai wani famfo ya buɗe, zugazugin gaba ya motse, hancin jirgin ya sunkuya. In ya karkata sanda hagu ko dama, jirgin ya kishingiɗa wajen. In ya taka abin juyi da ƙafa, jirgin ya kewaya a kan gindinsa. Gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar wagga ƙira a shekara ta 1931.

Amma wa zai saya? Sojoji sun duba sun yaba, ba su fid da kuɗi ba. Masu gidajen wasa ne suka saye ta, suka ajiye don yara su jefa kwabo su hau. Ga kuma karayar tattalin arziki da ta auka wa Amurka daga 1929, ga silima mai magana ta kashe kasuwar ogan, har masana'antar mahaifinsa ta durƙushe. Link ya buɗe makarantar tuƙi ta kansa a 1930, inda ɗalibi ke yin mafi yawan koyonsa cikin na'urar, sa'an nan ya cika da sa'o'i kaɗan a sama. Ya kuma nemi abinci da tallan dare: ya jera ƙwayayen lantarki ƙarƙashin fukafukan jirginsa, suna rubuta sunayen kayan sayarwa a sararin sama. A shekara ta 1931 ya auri Marion Clayton, ƴar jarida, wadda ta riƙe masa harkar rubuce-rubuce da lissafi har ƙarshen ransa.

Yawan tashi da dare da cikin mugun yanayi ya nuna masa inda babban amfanin na'urarsa yake. Ɗan Adam da ido yake sanin sama da ƙasa. Da zarar jirgi ya shiga girgije, ido bai ganin iyakar ƙasa, sai kunnen ciki ya shiga yaudarar mutum: jirgi na karkacewa, matuƙi na jin kamar daidai yake tafiya, har ya murɗa ya faɗo. Maganin wannan shi ne matuƙi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogunan da ke gabansa, na tsayi, da na gudu, da na juyi, da kamfas. Ran 24 ga watan Satumba 1929 wani hafsan soja, James Doolittle, ya tashi ya sauka cikin rufaffen mazauni, agoguna da rediyo kaɗai ke yi masa jagora. An tabbata abin mai yiwuwa ne, sauran a koya wa dubban matuƙa. Sai Link ya sa wa na'urarsa murfi mai rufe ɗan koyo ruf, ya jera masa agoguna irin na jirgin gaskiya.

Ranar da ake jira ta zo cikin baƙin ciki. A watan Fabrairu 1934 Shugaba Roosevelt ya soke yarjejeniyar da ke tsakanin gwamnati da kamfanonin da ke ɗaukar wasiƙu ta sama, ya ɗora aikin a kan sojan sama. Sojojin nan da rana suka saba tashi, suna bin hanyar jirgin ƙasa da koguna da ido. Da aka sa su tafiyar dare cikin hunturu da ƙanƙara, cikin ƴan makonni fiye da goma suka rasa rayukansu. Hafsoshi suka kira Link ya zo filin Newark ya nuna masu na'urarsa. Ranar haɗuwar hazo ya rufe garin, har suka fid da rai ga zuwansa, sai ga jirginsa ya keto hazon ya sauka lafiya, da agoguna kaɗai. Gani ya kori ji. A watan Yuni na shekarar suka sayi guda shida, kowace a kan dalar Amurka wajen 3,500. A 1935 aka kafa kamfanin Link, kuma ƙasashen waje, har da Japan da Tarayyar Sobiyet, suka shiga saye.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake koyar da bin hanya cikin wanga akwati, domin nan ne tushen abin da ake yi yau. Gefen na'urar akwai teburin malami, an shimfiɗa taswira a kansa. Bisa taswirar wani ɗan inji ne mai ƙafa uku, wanda ake kira ƙaguwa, yana rarrafe yana zana layi da jan tawada. Duk inda ɗalibi ya juya hancin jirginsa, can ƙaguwa za ta nufa, da saurin da ya dace da gudun jirgin. A wancan zamani tashoshin rediyo na ƙasa na aika harufa biyu na Morse: A a gefe guda na hanya, N a ɗaya gefen. Wanda ke tsakiyar hanya sai ya ji sun haɗu sun zama ƙara ɗaya miƙaƙƙiya. Malami na duban inda ƙaguwa take, yana murɗa maɓalli don ɗalibi ya ji a kunnensa abin da zai ji da a ce a wurin yake. In an buɗe murfi, jan layin nan ne shaida: ba gardama, ɗalibi na ganin inda ya kauce da inda ya gyara.

Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera fiye da 10,000 na waɗannan na'urori, waɗanda sojoji suka laƙaba wa suna Shuɗin Akwati saboda fentinsu. Fiye da matuƙan Amurka 500,000 sun bi ta cikinsu, ban da na Ingila da Kanada da sauran ƙasashen ƙawance. A 1939 Ingilishi suka roƙi Link ya ƙera masu abin koyar da tafiya da taurari, domin jiragen da ke ƙetare tekun Atlantika da dare ba su da tashar rediyo da za su bi. Ya haɗa kai da wani hafsan sojan ruwa masanin wanga fanni, Philip Weems. A 1941 suka gama wani gini mai kama da rumbu, tsayinsa kusan mita 14. Sama an kifa wata ƙubba mai ƙananan fitilu a matsayin taurari, tana juyawa daidai da sa'a da inda jirgin ya kai. Ƙasa kuma hotunan ƙasa na wucewa. Matuƙi da mai duba hanya da mai sakin bam suna zama tare su yi tafiyar dare guda. Mai duba hanya na auna tsayin tauraro da sekistan, ya yi lissafi, ya faɗa wa matuƙi inda suke.

Bayan yaƙi lantarki ya maye gurbin zugazugi, daga baya kwamfuta ta maye gurbin duka. A 1954 Link ya haɗe kamfaninsa da General Precision. Kamfanin mai ɗauke da sunansa ne ya ƙera na'urorin da ƴan sama jannatin Apollo suka yi atisaye a ciki kafin saukar wata ta 1969. Shi kuwa a lokacin hankalinsa ya riga ya koma teku.

Da jirgin ruwansa mai suna Sea Diver, shi da matarsa suka shiga neman kayan tarihi a ƙarƙashin ruwa. A 1959 suka yi aiki a Port Royal ta Jamaika, garin da girgizar ƙasa ta nutsar a 1692, a 1960 kuma a tsohuwar tashar Kaisariya. Ganin wahalar masu nutso ya sa ya ƙera wani tulun ƙarfe da mutum zai zauna ciki a ƙasan teku. A watan Satumba 1962, a Villefranche kusa da Nice ta Faransa, wani ɗan Beljiyam, Robert Sténuit, ya yi fiye da sa'a 24 a zurfin mita 61. A 1964, a tsibiran Bahamas, Sténuit da Jon Lindbergh suka yi sa'a 49 a zurfin mita 132. Link ya kuma ƙera ƙananan jiragen nutso waɗanda mai nutso ke iya fita daga cikinsu ya yi aiki ya komo.

A nan ne jarrabawa mafi tsanani ta same shi. A watan Yuni 1973 jirgin nutsonsa, Johnson Sea Link, ya sarƙe cikin tarkacen wani tsohon jirgin yaƙi kusa da Key West, a zurfin mita 110, da mutum huɗu ciki. Link na bisa ruwa yana jagorancin ceto. Kafin a fid da jirgin an wuce kwana guda, biyu sun tsira, biyu kuma gurɓatacciyar iska ta kashe su: Albert Stover, da ɗan Link na cikinsa, Edwin Clayton, mai shekara 31. Uban bai bar teku ba. Ya koma ɗakin aiki ya ƙera wata na'urar ceto mar mutum ciki, mai kyamara da abin yanke igiya, wadda ake sarrafawa daga sama, don kada wani uba ya sake tsayawa yana kallo ba yadda zai yi.

Link ya rasu ran 7 ga watan Satumba 1981 a Binghamton, yana da shekara 77. Filin jirgin sama na garin na ɗauke da sunansa. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1982, jirgin Boeing 767 ya fara ɗaukar fasinja da kwamfutar tafiyar da jirgi, wadda matuƙa ke kira FMS. Cikinta an ajiye matsayin filaye, da tashoshin rediyo, da mahaɗun hanyoyin sama, da ƙa'idojin tashi da sauka. Matuƙi na shigar da hanyarsa, ita kuma ta lissafa masa mai da lokaci, ta zana masa layin da zai bi. Bisa tsarin da ƙasashen duniya suka amince da shi, kowane kwana 28 ake sabunta waɗannan bayanai, domin ana sauya hanyoyi, ana rufe wata tasha a buɗe wata. Irin bayanan ake zuba wa na'urar kwaikwayo, saboda wanda ya saba da tsohuwar hanya a ɗakin koyo zai iya nemanta a sama bayan an soke ta. Ta haka matuƙin da bai taɓa zuwa Yamai ba ke iya gwada saukar filinta sau goma, cikin ƙurar hunturu ko hadarin damina, kafin ranar da zai zo da fasinja. Aikin da malami ke yi da taswira da ƙaguwa a wancan zamani shi ne kwamfuta ke yi yanzu, kuma manufar ba ta sauya ba: matuƙi ya yi kuskurensa a ƙasa, inda za a buɗe murfi a nuna masa, ya sake.