Wiliyam Tindal, Mai Juya Maganar Allah

Cikin wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 3, aya 16 da 17, Manzo Bulus ya nuna mana inda Nassi ya fito, da abin da aka ba da shi dominsa. Allah ne ya hure shi, ya kuwa hure shi domin ya yi aiki cikin zuciyar mutum. To, ƙaƙa zai yi aiki ga wanda ba ya jin harshen da aka rubuta shi? Wannan tambaya ita ce ta cinye ran Wiliyam Tindal.

An haife shi a ƙasar Ingila wajen shekara ta 1494, ya yi karatu a Oxford har ya ƙware da Helenanci. A zamanin nan da Latin a ke karanta Littafi Mai Tsarki cikin majami'u, talakawa kuwa ba su jin Latin. Har ma akwai doka wadda ta hana juya Nassi da Turanci sai da iznin bishop. An ce wata rana yana gardama da wani malami, sai ya yi alkawari, in Allah ya ba shi tsawon rai, zai sa yaro mai huɗa a gona ya fi malamin nan sanin Nassi.

A 1523 ya tafi Landan neman izni wurin Bishop Tunstall, bai samu ba. Da shekara ta kewayo ya ƙetare zuwa Jamus, bai kuwa ƙara taka ƙasar haihuwarsa ba. Aka soma buga Sabon Alkawarinsa a Kolon, maƙiya suka tona asiri, ya kwashi takardunsa ya gudu zuwa Worms. A can aka gama aikin a 1526. Fatake suka riƙa ɓoye littattafan cikin ƙunshin tufafi suna shigar da su Ingila, Tunstall kuwa ya sa aka ƙone waɗanda aka kama a harabar majami'ar Bulus Mai Tsarki a Landan.

Abin da ya fi tsokano masa fushin manya shi ne zaɓen kalmomi. Inda aka saba cewa firist, shi ya sa dattijo, gama haka Helenanci ya faɗi. Inda aka saba cewa mutum ya yi ayyukan biyan zunubi, ya sa tuba kawai. Kalmar da muke ce da ita ikilisiya ya juya ta taron jama'a. Sir Thomas More, babban masani, ya rubuta littattafai yana tsine wa waɗannan kalmomi. Mu da mu kan kwana uku a kan kalma guda tare da malamanmu Hausawa, mun san nauyin abin. In littafin na mutum ne, mai juyi ya iya lanƙwasa shi don a zauna lafiya. Amma Tindal ya gaskata maganar ta Allah ce, shi ɗan aike ne kurum, ɗan aike kuwa ba shi da ikon sāke saƙo. Ba mu ce ba shi da aibi ba. Bakinsa da kaifi ƙwarai cikin gardama, wani lokaci har ya wuce kima.

Ya koyi Ibrananci, ya fitar da littattafan Musa guda biyar a 1530. A 1535 wani Henry Phillips, wanda ya kan ci abinci tare da shi a Antwerp, ya bashe shi. Aka kulle shi a kurkukun Vilvoorde, cikin ƙasar da ke Beljiyam a yau, fiye da shekara guda. Wasiƙar da ya rubuta daga can tana nan har wa yau. Ya roƙi hula da riga mai kauri sabo da sanyi, da fitila don maraice, amma abin da ya fi nacewa a kai shi ne Littafi Mai Tsarki na Ibrananci, da nahawu, da ƙamus.

A watan Oktoba na 1536 aka shaƙe shi, aka ƙone gawarsa. Shekara uku bayan haka, bisa ga umarnin Sarki Henry na 8, ana ajiye Littafi Mai Tsarki na Turanci cikin majami'un Ingila, mafi yawan Sabon Alkawarinsa kuwa aikin Tindal ne, ko da ya ke ba a sa sunansa ba. Daga bugun Worms kuwa, guda uku kaɗai aka sani sun rage. Ɗaya daga cikinsu yana ajiye a majami'ar Bulus Mai Tsarki a Landan.