KANAR VICTOR BANJO, HAFSAN DA YA RASA TUDUN DAFAWA

Duk mai bin hanyar Ikko zuwa Benin ya san garin Ore, inda direbobi kan tsaya su ci abinci su sha mai. To, a nan ne aka tsai da sojojin Biyafara cikin watan Agusta na 1967, suna kan hanyarsu ta zuwa Ikko. Abin mamaki kuwa, shugaban rundunar nan ba Ibo ba ne, Bayarabe ne mai suna Victor Banjo.

An haifi Banjo a 1930, mutumin Ijabu ne. Ya shiga soja a 1953, ya yi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya kuma sami digiri a kan aikin injiniya. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci sashen injiniyoyin soja masu kula da injuna da lantarki, yana da muƙamin Laftanar-Kanar.

Wahalarsa ta soma ne bayan juyin mulkin ran 15 ga Janairu, 1966, wanda a cikinsa aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa da Sardaunan Sakkwato da Cif Akintola. Bayan kwana biyu sai aka kama shi a Ikko, aka ce wai ya yi niyyar hallaka Janar Ironsi. Ya musanta, amma ba a kai shi gaban shari'a ba, sai aka tura shi kurkuku a Jihar Gabas. Da aka sake juyin mulki a watan Yuli, Yakubu Gowon ya hau, shi ma bai ba da umurnin a sake shi ba. Wanda ya buɗe masa ƙofa daga baya shi ne tsohon abokinsa Odumegwu Ojukwu, Gwamnan Gabas.

A nan fa aka sami matsala. Banjo ba ya goyon bayan a raba ƙasa, ga shi kuwa mai neman raba ƙasar shi ya fisshe shi daga ɗauri, ya ba shi masauki. Gwamnatin da ya yi wa rantsuwa ta manta da shi, matarsa da 'ya'yansa ba su tare da shi, ƙasar iyayensa tana can ƙetaren kogin Kwara. Ran 30 ga Mayu, 1967, Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli aka fara harbi. Banjo ya karɓi muƙamin Birgediya a sojan Biyafara.

Da asubar ran 9 ga Agusta rundunarsa ta haye gadar Kwara daga Anaca zuwa Asaba, kafin rana ta faɗi ta shiga Benin, kusan ba tare da faɗa ba. Gwamnan Jihar Yamma ta Tsakiya, David Ejoor, ya sulale ya tsere. Hankalin mutanen Ikko ya tashi ƙwarai, don a lokacin galibin sojojin tarayya suna fagen fama a wajen Nsukka da Ogoja.

Amma niyyar Ojukwu dabam, ta Banjo dabam. Ojukwu yana so ne a ja hankalin sojojin tarayya daga Inugu, a kuma tilasta wa Ikko ta ƙyale Biyafara. Shi kuwa Banjo so yake ya yi amfani da bindigogin Biyafara ya kawar da gwamnatin Gowon, ƙasa ta zauna ɗaya a ƙarƙashin sabon tsari. Da ya yi jawabi a gidan rediyon Benin, a matsayin ɗan Nijeriya ya yi magana, abin da bai yi wa Inugu daɗi ba ko kaɗan. Aka shiga gardama a kan wanda zai riƙe jihar, har aka naɗa Manjo Albert Okonkwo. Kwanakin da aka ɓata a kan wannan su suka ba Kanar Murtala Muhammed damar harhaɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa.

Banjo ya sa rai Yarabawa za su tarye shi hannu biyu-biyu, amma hakan ba ta samu ba. Cif Awolowo ya riga ya shiga gwamnatin Gowon a matsayin Kwamishinan Kuɗi, Olusegun Obasanjo kuma da ke riƙe da sojojin Badun ya ƙi buɗe hanya. Marubucin nan Wole Soyinka, wanda ya gana da Banjo a Inugu, gwamnatin tarayya ta tsare shi kusan shekara biyu. Rundunar ta tsaya a Ore, kimanin mil 130 daga Ikko, daga nan ta dinga ja da baya. Ran 20 ga Satumba sojojin tarayya suka karɓe Benin.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Da Banjo ya koma Inugu sai Ojukwu ya sa aka kama shi tare da Manjo Emmanuel Ifeajuna da Philip Alale da Sam Agbam, aka tuhume su da shirin kifar da gwamnatin Biyafara. Aka yi shari'ar cikin hanzari, aka harbe su huɗun kafin watan Satumba ya ƙare. Banjo yana da shekara 37. Ran 4 ga Oktoba Inugu ita ma ta faɗi.

Harin nan ya sa Gowon ya daina kiran yaƙin aikin 'yan sanda, ya mai da shi cikakken yaƙi, wanda bai ƙare ba sai Janairun 1970. Talakawan Yamma ta Tsakiya su suka fi ɗanɗana kuɗarsu, musamman a Asaba, inda aka kashe farar hula da yawa a watan Oktoba. Shi kuwa Banjo, Ikko ta kira shi ɗan tawaye, Inugu ta kira shi maci amana, ya mutu ba wani sashe da ya ce nasa ne.