Édouard Lucas, malamin sakandaren da ya tantance lamba mai alƙaluma 39 da hannu

An haifi Édouard Lucas a birnin Amiens na ƙasar Faransa ranar 4 ga Afrilu, 1842. Bayan ya kammala karatu a babbar makarantar horar da malamai ta Paris, ya kama aiki a cibiyar nazarin taurari ta birnin. Ya yi aikin soja a matsayin hafsan igwa a yaƙin Faransa da Furusiya na 1870, daga bisani ya koma koyar da lissafi a makarantun sakandare na gwamnati.

Abin da ya fito da sunansa shi ne lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu lambar da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, kamar 7 da 31. Daga cikinsu akwai rukunin da ake kira lambobin Mersenne: a jera 2 sau da yawa, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Tun a 1644 wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, ya yi hasashen cewa idan aka jera 2 har guda 127, sakamakon ba zai rabu ba, amma bai kawo hujja ba. Hasashen ya shafe fiye da shekara 200 ba wanda ya tabbatar da shi, domin lambar tana da alƙaluma 39, kuma gwada raba ta da kowace lamba ɗaya bayan ɗaya aiki ne da ya fi ƙarfin rayuwar ɗan Adam.

Lucas ya ɓullo da wata hanya. Ya yi amfani da jerin lambobi da kowace ke fitowa daga wadda ta gabace ta, yana riƙe ragowar rabawa kawai a kowane mataki, ragowar ƙarshe kuma ita ke yanke hukunci. Da wannan dabara, da hannu, ya tabbatar a 1876 cewa Mersenne ya yi daidai. Lambar tana da wata siffa ta musamman, domin ita kanta 127 lambar Mersenne ce. Sai da aka shekara 75, a 1951, aka gano lamba marar rabuwa da ta fi ta girma, shi ma da taimakon na'urar lissafi.

Ajalinsa ya zo ta hanyar da ba a zata ba. A wajen wata liyafar masana kimiyya, ɓarin fasasshen faranti ya yanke shi a kumatu, ciwon ya harbu, ya rasu a Paris ranar 3 ga Oktoba, 1891, yana da shekara 49.

Ba'amurke Derrick Lehmer ya inganta dabarar a 1930, kuma da ita kwamfutoci suka tabbatar da lambar Mersenne mai alƙaluma sama da miliyan 41 da aka gano a 2024.